Tulunan Yaya Hurera

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin mutane a kasuwar Kaura suna cewa "tulun Malam Garba" duk lokacin da ake zancen ajiye wake da toka. Na sha ganin yadda kuke ɗaga kai idan an faɗa. Ni ma na daɗe ina ɗaga nawa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, kuma waɗanda suka san yadda abin ya faru duk sun riga ni tafiya. Idan na yi shiru, shirun zai zama shaida a kaina ranar da babu mai gyara magana. Shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Abin ya faru a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, lokacin jihar kanta ba ta daɗe da yankewa daga Sakkwato ba. Ni malamin gona ne a Kaura Namoda. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na yi ɗan horon aikin gona, aka ba ni babur da littafin rubuta ziyara, shi ke nan. Sabuwar jiha ta zo da sababbin ofisoshi, yara masu digiri suna dawowa gida ana ba su kujeru, wasu ma ni na koya musu bambanta ganyen gero da na dawa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci mini rai. Ina ta neman wani abu da za a nuna a ce ni na yi shi.

Wata rana bayan sallar la'asar, abokina Malam Isiyaku, wanda ke koyarwa a Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, ya tsayar da ni a ƙofar masallaci.

"Garba, akwai wata gidauniya da ke tallafa wa bincike a kan ajiyar amfanin gona. Ba sai mai digiri ba. Kai da kullum kana ƙauye, ba ka ga wani abu da ya cancanci a bincika ba?"

Na ce, "Ni da wa na sani a can?"

Ya yi dariya ya ce, "Nan ne ka ɓata. Su ba sa son sani. Takarda ce ke tafiya, ba mutum ba."

Ya bayyana mini yadda suke yi. Da farko ka rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa ka faɗi abin da kake son bincikawa. Idan ta tsallake, su ce ka rubuto cikakken bayani. Shi kuma sai a cire sunanka da na garinku daga kansa, a aika wa masana uku da ba su san ka ba, ba su kuma san juna ba, kowa ya karanta ya ba da maki ya rubuta abin da ya gani. Sai a dawo maka da tambayoyinsu ka amsa. Idan har yanzu kana ciki, su aiko wakili ya ga wurin da idonsa. Daga nan kwamiti ya zauna ya yanke. Ina sauraronsa, amma hankalina ya riga ya tafi Zurmi, ɗakin Yaya Hurera.

Yaya Hurera ita ce babbar 'yar mahaifinmu, ni ne auta, kuma ita ta goye ni. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan yayanmu Malam Umaru, wanda ke karantar da littattafai a zauren gidanmu na Zurmi. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani kuma tana rubuta ajami da kyau. Duk unguwar an san cewa idan shuka ta zo, waken kowa ya huje ya zama gari, na Hurera yana nan kamar jiya aka fyaɗe shi. Mata kan zo roƙon iri a wurinta. A lokacin mutane sun fara zuba hodar kashe ƙwari ta kanti a buhun wake, kuma na ga gidan da aka ci irin wannan wake aka kwana biyu a asibiti. Saboda haka na san abin da ke ɗakin Yaya ba ƙaramin abu ba ne.

Da kaka ta yi, na je Zurmi na zauna a tsakar gida ina kallonta tana aikin. Na ga wake, na ga toka, na ga tuluna, na ga tana tsinko ganyen dogon yaro tana shimfiɗawa. Ta ɗago ta dube ni.

"Mi kaka kallo, Auta? Ko ba ka taɓa ganin toka ba?"

Na ce, "Ba komai, Yaya. Hutawa nake yi."

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Tambaya ɗaya ta ishe ni. Da na ce ta koya mini, da ta koya mini har da dukan wasa a ƙeya. Amma ni malamin gona ne mai babur ɗin gwamnati, sai na ga ƙasƙanci ne in tambayi macen da ba ta san harafin boko ba. Na kalla da ido, na cike sauran da kaina. A cikin littattafan horonmu an ce ganyen dogon yaro yana korar ƙwari, sai na yanke cewa shi ne sirrin, tokar kuwa rakiya ce kawai.

Na koma Kaura na sayi tulu shida na ajiye a ɗakin ajiya na ofishinmu. Na zuba wake har rabi, na barbaɗa 'yar toka, na danna ganyen dogon yaro da yawa, na rufe da faifai. Kowace Asabar sai in buɗe in duba in rubuta a littafi, don in ji ni ma mai bincike ne. Malam Isiyaku ya taya ni zuba wasiƙar cikin Turanci. Ta tsallake. Muka rubuta cikakken bayani. A wurin da aka tambayi wanda ya samo dabarar, na sa aka rubuta ni ne. A wurin da aka tambayi ko an taɓa gwadawa, na sa aka rubuta an gwada ta yi kyau. Malam Isiyaku ya dakata da buga keken rubutu ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Shi bai san komai ba, abin da na faɗa masa ya rubuta.

Kafin zafi ya kankama, tulunana shida sun cika da ƙwaro. Kana kusantar ɗakin za ka ji ƙasƙas ɗinsu a ciki. Na kulle ƙofar, na jefa makullin a aljihu, ban gaya wa kowa ba, har da mahaifiyarku.

A cikin bazara ambulan ya iso da tambayoyin masanan nan uku. Babu suna a kan ko ɗaya. Na farkon ya yaba, ya ce aiki ne da talaka zai iya yi da abin da ke gidansa. Na biyun ya ce, ta yaya na san ganyen ne ke kashe ƙwaron? Ya ce sai an ajiye tulu mai ganye da tulu marar ganye a gefe ɗaya an kwatanta. Na ukun ne ya hana ni sukuni. Ya rubuta cewa mai takardar ya ce shi ya gano dabarar, amma yadda ya siffanta ta ya yi kama da aikin hannun da ya daɗe yana yi, kuma irin wannan aiki yawanci a cikin gida ake yinsa. Ya tambaya: a wurin wa aka koya, kuma me ya sa sunansa ba ya cikin takardar? Na riƙe wasiƙar ina mamakin yadda mutumin da bai taɓa ganina ba ya leƙo cikin cikina. Duk da haka na amsa da cewa gadon kakanni ne, ni na gyara shi. Kun ga dama ta biyu ta zo, na sake ture ta.

Sai aka rubuto cewa za a aiko wakili a farkon damina. Na zauna na tsara yadda zan yi. Ɗakin ofis zan ce makulli yana hannun wani. A Zurmi kuwa gidanmu ba a shiga, baƙo namiji iyakarsa zaure, balle a wannan shekarar da kowa ke ƙara kiyaye irin waɗannan abubuwa. Zan zaunar da shi wurin Malam Umaru, in shiga in ɗebo wake a ƙwarya daga tulun Yaya, in nuna masa, ya rubuta, ya tafi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa wakilin zai iya zama wani abu ban da namiji.

Ranar Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar ofishinmu. Direba ya fito. Na miƙa hannu ina jiran babban mutum ya fito daga baya, sai ga mace da mayafi har ƙasa, tana riƙe da jaka da littafi. Ta ce sunanta Dakta Rakiya, daga wajen Zariya, aikinta binciken ƙwarin hatsi. Na mayar da hannuna aljihu, na ji makullin nan ya taɓa yatsana.

Ta nemi ganin tulunan ofis, na yi ƙaryar da na shirya. Ta dube ni kaɗan, ta rubuta wani abu, ta ce mu tafi Zurmi. Kafin mu tashi na sa an saka zabi biyu da ƙwaryar man shanu a bayan motar. Da ta ji kukansu sai ta sa direba ya tsaya.

"Malam Garba, na gode ƙwarai. Amma idan na karɓa, dole in rubuta a rahotona cewa na karɓa, su kuma su cire ni daga aikinka su aiko wani. Kana so mu sake farawa?"

Aka sauke zabin a bakin titi, masu shayi suna kallo suna dariya.

A Zurmi ta gaisa da Malam Umaru daga bakin zaure cikin ladabi. Na ce ta zauna in kawo mata waken. Ta ce, "Haba Malam, ai ni mace ce." Ta yi sallama ta wuce ciki. Na bi bayanta.

Yaya Hurera na zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Na ce mata ga baƙuwa, Dakta ce. Nan take ta ajiye mazari ta miƙe ƙafa.

"Madalla! Ɗiyata, zo ki duba min gwiwag ga, tun sanyi take damuna."

Na ce, "Yaya, likitar wake ce."

"Wake ma yanzu yana da likita? To Allah shi ba shi lahiya."

Suka yi dariya su biyu, kamar sun shekara da sanin juna. Dakta ta zauna a tabarma ta ce tana son ganin tulunan. Yaya ta kai ta ɗaki. Suna jere a bango, kowanne an kifa masa kasko a baki an shafe da laka. Yaya ta ce da baƙuwar ta zo wata ɗaya kafin yau, ko sarki ne ba za ta buɗe ba, amma tun da ruwa ya sauka shuka ta zo, za ta fasa ɗaya. Ta ƙwanƙwasa lakar, ta ɗaga kaskon. Toka ce fal har baki. Ta zuba a rariya ta tankaɗe, wake ya fito fari tas. Dakta ta ɗebi tafi ɗaya tana juyawa ƙwaya ƙwaya a hasken ƙofa, ba ta sami huji ko ɗaya ba.

"Inna, ina ganyen dogon yaron? Ban gan shi a ciki ba."

"Ciki? Mi zai kai shi ciki? Ƙarƙashin tulu nika shimfiɗa shi, don gara. Ƙwaron wake ina ruwanshi da ganye?"

"To mene ne ke hana shi?"

"Wuri, ɗiyata. Ki shanya wake kwana uku cikin rana mai zahi, sai kin ciza kin ji ya ce ƙas. Ki tankaɗe toka ta huce. Kwano guda na wake, kwano guda na toka, ki cuɗa, ki girgiza tulu ta shiga ko'ina, ki cika hal baki. In bai samu wurin juyawa ba, ina zai yi aure balle shi haihu? Sannan ki liƙe, ki manta da shi. Mai leƙe-leƙe ba ya ajiye wake."

Ni ina tsaye a bakin ƙofa, kowace kalma tana sauka a kan tulunana shida. Dakta ta rubuta har ta juya shafi. Sai ta tambaya a hankali, ba tare da ta dube ni ba.

"Inna, Malam Garba ne ya koya miki?"

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Auta? Auta ko tankaɗen toka bai iya ba! Wurin kakarmu na ga dabarar, amma ita rabi taka cikawa, wani ya tsira wani ya ɓaci. Ni na yi ta gwadawa shekara da shekaru har na gane cikawar ce. Wa yac ce miki Auta ne?"

Dakta ta yi godiya, ta duba gwiwar ma don kada ran tsohuwa ya ɓaci, ta ce a je asibiti. Muka fito zaure. Malam Umaru yana kan buzunsa, ɗalibai sun tashi. Dakta ta tsaya ta rufe littafinta.

"Malam Garba, ni abin da na gani zan rubuta, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Amma akwai wuri a rahoton da ake rubuta abin da mai takarda ya faɗa da bakinsa. Wurin yana nan babu komai. Me zan sa?"

Na san abin da ke gabana. Idan na yi shiru, watakila in ci gaba da musu a takarda, in ce tsohuwa ce ta manta. Idan na yi magana, na amsa cewa na yi ƙarya ga mutanen da ƙa'idarsu ita ce jefar da takardar maƙaryaci. Na dubi yayana, na dubi labulen da ke tsakanina da matar da ta goye ni. Sai na ji bakina yana magana. Na ce dabarar ta Yaya ce, ban tambaye ta ba, ban gaya mata ba. Na ce gwajin da na rubuta ya yi kyau bai yi ba. Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma.

Malam Umaru ya dubi makullin, ya dube ni. Sannan ya ce:

"Garba, ranar da anka tahi Gusau taron Shari'a, kai ne gaba, muryarka har ta dushe da kabbara. Ashe ka baro shaidar zur kulle cikin ambulan. Kana tsammanin Shari'a ta ɓarawon akuya ce kaɗai? Wanda yad ɗauke wahalar 'yar uwarshi da biro hwa?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ina roƙon Allah kada ɗayanku ya ji irinta.

Muka koma Kaura da azahar na buɗe ɗakin. Wari ya tarbe mu, ƙwari suna bin bango. Na tsaya a waje ina jiran ta yi tsaki. Sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi!" Na ɗauka ba'a take yi. Ta fito da littafina na Asabar-Asabar a hannu, fuskarta a sake.

"Malam, ka san abin da ka kulle a nan? Ganye da yawa, toka kaɗan, tulu rabi, ana buɗewa kowane mako, kuma ka rubuta ranar da ƙwaro ya fara. Wannan ai shi ne kwatancin da mai karatu na biyu ya nema! Abin da ya fi komai amfani a aikinka shi ka ɓoye mana. Mu ba mu ƙin gwajin da ya lalace. Wanda aka ɓoye muke ƙi."

Ta gaya mini gaskiya cewa ba ta da ikon yi mini alkawari. Za ta rubuta ƙaryar, za ta rubuta amsawar, kwamiti ne zai auna. Ta ce idan ina so, in rubuta musu wasiƙa da hannuna, in sake tsara takardar yadda abin yake, amma sai da yardar mai dabarar.

Neman yardar ya fi wasiƙar wuya. Na koma Zurmi washegari na durƙusa gaban Yaya na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da kaɗinta, can ta ce:

"Da ka tambaye ni, Auta, da na ba ka har da tulunan. Mi zan yi da suna? Abin da yac ci min rai, ka zauna nan kana kallona kamar baƙo."

Mako uku ina zuwa gaishe ta tana amsawa da "lahiya" kawai. A na huɗu ta turo mini rariya da ƙafa ta ce, "Tankaɗe mu gani." Na tankaɗe, toka ta bule mini fuska, matan gida suka fashe da dariya. A ranar ta yarda.

Muka sake rubuta takardar da Malam Isiyaku, bayan na nemi gafararsa shi ma. Wannan karon Yaya ce ke faɗa, muna rubutawa. Muka sa tulu iri huɗu a kowane gida: cikakke a liƙe, rabi a liƙe, cikakke ana buɗewa, da mai ganye kawai. Na haɗa da wasiƙata, shafi ɗaya, babu ado. Muka aika. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai, ba labari. Na riga na sallama.

Ranar da amsar ta zo ina gonar wani a hanyar Kasuwar Daji. Malam Isiyaku ya biyo ni a kan babur yana ɗaga ambulan sama tun daga nesa, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Kwamiti ya amince. Sun rubuta cewa sun yi muhawara a kaina, wasu sun so a jefar, amma amsa laifi kafin a tilasta da littafin da na riƙe da gaskiya su suka rinjaya. Sun kafa sharuɗɗa. Sunan Hurera ne farko a matsayin mai dabara. Malam Isiyaku zai riƙe rubuce-rubuce. Ni ne na uku, aikina zirga-zirga. Tallafin ba a dunƙule zai zo ba, kashi-kashi ne, kowane kashi sai an ga rahoton na baya, kuma Dakta za ta riƙa dawowa ba tare da sanarwa ba. Duk matar da za a sa tulu a gidanta sai an bayyana mata ta yarda da bakinta. Na karanta sunana a layi na uku, na rantse muku ban taɓa jin daɗin ganinsa kamar ranar ba.

Da aka kawo takardar sa hannu, na ɗauko tawadar dangwale. Yaya ta harare ni.

"Dangwale na wa? Ba ni alƙalami."

Ta ɗauki alƙalamin kara na Malam Umaru ta tsoma a tawada, ta rubuta sunanta da na mahaifinmu da ajami, a layin farko, a kan takardar Turawa. Malam Umaru ya juya fuska yana gyara rawani, amma na ga idonsa.

Da kaka muka fara. Ni nake kai tuluna da babur, in tsaya a zaure, Yaya kuma ta zo a motar da aka ɗaukar mata ta shiga ciki. Zurmi, Kasuwar Daji, Shinkafi, har Jangeru. Matar da ba ta taɓa wuce Kaura ba sai ga ta tana yi wa matan gari huɗu faɗa a kan leƙen tulu. Da shuka ta zagayo aka tara mata a wani babban gida a Shinkafi don buɗewa, Dakta Rakiya na nan. Mu maza muna waje ƙarƙashin bishiya, ba ma ganin komai. Aka fasa na ganye, muka ji tsaki. Aka fasa na rabi, muka ji gunaguni. Can aka fasa cikakken da ke liƙe, sai guɗa ta tashi, wata ta karɓa, wata ta karɓa, har awakin unguwa suka firgita. Aka fito mana da wake a faifai, fari tas. Wani tsoho ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ta ce ƙas, ya ce, "Wanga ko gobe a kai shi gona." A wannan shekarar gidajen nan ba su sayi iri ba, ba su kuma zuba hoda a abincin 'ya'yansu ba. Bayan shekara biyu na ga tulu a liƙe a wani ƙauye kusa da iyaka inda ba mu taɓa zuwa ba. Na tambayi maigidan inda suka samo, ya ce matarsa ce ta gani a gidan biki.

To amma ga inda na sake gazawa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Maza ba su ga Yaya ba, ni suka gani a kan babur da tuluna. Sai suka fara cewa tulun Malam Garba. Da farko ina gyarawa. Daga baya na riƙa gyarawa a hankali. Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, sai na daina. Na bar ku kuka girma a kan haka, don yana da daɗi mutum ya ga 'ya'yansa suna alfahari da shi.

Takardar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin leda. Ku buɗe ku ga layin farko. Wanda bai iya karanta ajami ba a cikinku ya je ya koya, ko don wannan layin. Masanin nan na uku da bai san fuskata ba ya nemi sunan gwaggonku tun kafin ni ƙaninta in yarda in faɗe shi, kuma kwamitin bai saki ko sisi ba sai da aka rubuta shi a inda ya dace.

Daga yau duk wanda ya ce muku tulun Malam Garba, ko a kasuwa ne, ko a gaban manya, ku gaishe shi da ladabi sannan ku gyara masa. Ku ce tulun Hurera ne. Idan ya ce to ina na Malam Garba, ku gaya masa nasa shida ne, kuma ƙwaro ya cinye su duka.